Muhammadu Bello: Sarkin Musulmin da ya rubuta littafi kan maganin basir

Duk wanda ya ratsa kasuwar Gusau, ko ta Tsafe da Bungudu ranar da suke ci, ya san lasifikar masu magani. Kwalba ɗaya ce ke maganin basir da sanyi da ciwon baya, wani lokaci a ce daga Indiya aka kawo ta. Amma kusan shekara 200 da suka wuce, akwai Sarkin Musulmin da ya zauna ya rubuta littafi sukutum kan basir kaɗai.

An haifi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a 1781. Ya yi karatu a wurin mahaifinsa da baffansa Abdullahi. Zamfara ba baƙuwarsa ba ce, domin a Sabon Gari jama'ar Shehu suka yi sansani a 1805, kafin Bello ya jagoranci cin Alƙalawa a 1808. Ya gina Sakkwato a 1809, ya zama Sarkin Musulmi a 1817.

An fi sanin sa da yaƙi da mulki da littafin tarihinsa Infaƙul Maisuri. Ɓangaren likitancinsa ne aka cika tsallakewa. Ban da Al-Ƙaulul Manthur kan basir, ya yi rubutu kan ciwon ido, ya kuma yi wani kan filasko, ganyen nan mai sa gudawa da Larabawa ke kira sana, wanda Indiya ke nomawa sosai a yau. Ya dogara da Ɗibbun Nabawi da littattafan likitocin Larabawa. Ta wannan hanyar ce ma irin su ƙusɗul hindi suka shigo shagunan magungunan Musulunci.

Abin lura a nan shi ne yadda ya ware cuta ya ba ta littafinta. A yau kuwa, manomi ko ɗan acaɓa da bayansa ya riƙe wata da watanni, kai tsaye za a ce masa basir ne, a ɗora shi kan jiƙo mai tsuga zawo. Alhali a wurin likitoci basir ciwon dubura ne, ciwon baya kuma ya fi zuwa daga tsoka ko jijiya ko ƙashin baya, wani sa'in ma ƙoda. Yawan shan filasko kuwa na ƙarar da ruwan jiki.

Bello bai tsaya kan abin da ya gada ba. Lokacin da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Sarkin ya nema har da a turo masa likita ya zauna a ƙasarsa. Clapperton ya dawo a 1826 da kyautar littattafan Larabci, ciki har da na Ibn Sina, sai dai likitocin da suka taso tare da shi babu wanda ya kai Sakkwato. Shi kansa rashin lafiya ta kama shi, ya mutu a can a watan Afrilun 1827.

Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Bello ya rasu a Wurno a 1837, kuma can kabarinsa yake. Littattafansa na magani da Larabci ya rubuta su, kwafe-kwafensu na nan a hannun malamai da ɗakunan adana rubuce-rubuce.