Sunan Asma'u Da Tarihin Nana 'Yar Shehu

Da wuya mutum ya shiga makarantar Islamiyya a Kawo ko Unguwar Sarki a nan Kaduna bai tarar da mai suna Asma'u ba. Da yawansu Husna ake ce musu, bisa ɗaukar cewa sunan jam'in "ismu" ne, wato sunaye. Akwai malaman lugga da suka tafi a kan haka. Amma Sibawaihi yana ganin asalinsa "wasma'u" ne, wato kyakkyawa, aka juya wawun ya zama hamza, kuma wannan ya fi kwanta mini a rai.

A ƙasar Hausa babu wadda ta ɗaukaka sunan kamar Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. An haife ta a Ɗegel cikin 1793, 'yan biyu ne ita da Hassan. Bisa al'ada Husaina za a kira ta, amma Shehu ya raɗa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta tsaga ɗamararta biyu ta ɗaure guzurin Manzon Allah (S.A.W.) lokacin hijira. Ikon Allah, ita ma tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira da ita zuwa Gudu a 1804.

Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Daga ciki akwai Waƙar Gewaye, mai bayar da labarin jihadi.

Abin da ya fi damunta shi ne matan karkara, waɗanda aure da nisa suka hana zuwa gaban malami, bori kuma yana jiransu a ƙofa. Sai ta zaɓi dattijan mata amintattu, ta naɗa kowacce jaji, ta aza mata malfa da jan rawani. Jaji takan jagoranci mata da ƙasa zuwa wurin Nana, su haddace waƙoƙin tauhidi da tsarki da salla, su koma su karantar da na gida. Su ne ake kira 'yan taru.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Allah Ya jiƙanta, amin.