Likita Mila (1872–1952): Baturen da Ya Zo da Akwatin Magani da Littafi

Duk ɗan ƙasar Gaya ko Ajingi da ya taɓa raka tsohonsa asibitin ido na mishan da ke Sabon Garin Kano, ko ya ji dattawa suna labarin asibitin kutare na Yadakunya da ake kira Bela, ya san cewa akwai zamanin da maganin Bature ba ya zuwa shi kaɗai. Sai an yi wa'azi, an yi addu'a, sannan a buɗe kwalaben magani. Wannan tsari yana da mafari a ƙasar Hausa, kuma cikin waɗanda suka fara shigo da shi babu wanda sunansa ya kai na Dokta Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila. Ba ɗan ƙasarmu ba ne, ba kuma addininmu ɗaya da shi ba, amma rayuwarsa ta shafi yadda iyayenmu suka fara kallon asibiti da makarantar boko.

An haife shi a 1872 a garin Honiton da ke kudu maso yammacin Ingila, ya kuma yi karatun likita a asibitin St Bartholomew na birnin Landan. Maimakon ya zauna gida ya ci moriyar sana'arsa, sai ya shiga ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, wato CMS. Kafin ya tako ƙasarmu ya fara zuwa Tarabulus ta Libiya, inda ya zauna cikin Hausawa fatake da mahajjata yana koyon harshe. Wannan ne ya sa Hausarsa ta fi ta yawancin Turawan da suka biyo bayansa.

A farkon 1900 su biyar suka taso daga Legas ƙarƙashin jagorancin Bishof Herbert Tugwell, suka iso Kano a watan Afrilu. A tuna, a lokacin Nasara bai ci Kano ba, sai a 1903. Sun zo da yaƙinin cewa suna shiga birni da akwatin magani da addu'a ƙofofi za su buɗe. Sarkin Kano Alu Babba ya karɓe su a fada, ya saurare su, ya kuma ba su 'yan kwanaki su bar masa ƙasa. Gwamna Lugga ma bai ji daɗin wannan tafiya ba, domin ba shirinsa ba ne. Suka koma Girku, kudu da Zariya, a can ɗayansu, Dudley Ryder, ya kwanta ciwo ya rasu, ga likita a gefensa, ga 'yan uwansa suna ta addu'a. Daga baya wuta ta cinye masaukin nasu, suka janye zuwa Loko a bakin kogin Binuwai. Wani ne da ya haƙura ya koma gida. Mila bai haƙura ba: ya sake dawowa, kuma a 1905 ya samu zama a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, inda ya buɗe ɗakin shan magani da ƙaramar makaranta.

Abin da ya faru a wannan ɗakin magani ya cancanci a tsaya a kansa. 'Yan mishan na wancan zamani sun ɗauka cewa wanda ya zo da gyambo ya tafi da lafiya, zuciyarsa za ta karkata ga addinin wanda ya yi masa magani. Ba su lura da cewa haɗa magani da addu'a ba baƙon abu ba ne wajen Bahaushe. Tun kafin zuwansu akwai rubutun sha, akwai tofi, akwai wanzami da mai ɗori da ungozoma, kuma kowannensu da bisimilla yake farawa. Bahaushe ya riga ya yarda cewa magani sababi ne, mai warkarwa Allah ne. Saboda haka bai ga dalilin da zai sa warkewar ƙafarsa ta zama hujjar sauya alƙiblarsa ba. Sai jama'a suka riƙa zuwa, su zauna su saurara cikin ladabi, su karɓi maganin, su yi godiya, in an kira salla su tafi masallaci. Shekaru suka yi ta wucewa, waɗanda suka bi shi ba su taka kara sun karya ba. Sannu a hankali shi kansa ya fi mai da hankali ga koyarwa da fassara fiye da aikin likita.

Babban abin da ya ɗauka amsar addu'arsa ce ya zo a 1913, kuma tushensa ƙasar Kano ne. A zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a birni, Malam Ibrahim, wanda karatunsa ya kai shi ga fifita Annabi Isa (AS) ta hanyar da malaman fada ba su yarda da ita ba. Aka yanke masa hukuncin kisa, almajiransa suka watse, wasu suka nufi Ningi da ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauci. Su ne ake kira Isawa. 'Ya'yansu da jikokinsu ne suka nemo Mila a Zariya, kuma da yawansu suka karɓi Kiristanci. Aka samo musu fili a Gimi cikin ƙasar Zazzau, aka kafa gari da coci da makaranta, wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, W. A. Thompson, yana kula da su.

Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci ya faɗa wa garin. Ƙudan tsando ne ke yaɗa shi, shi kuwa tsando mazauninsa kurmin bakin rafi, daidai inda mata ke ɗiban ruwa yara ke wanka. Ciwon yakan fara da zazzaɓi da kumburin kaluluwa a wuya, in ya kai ƙwaƙwalwa sai mutum ya yi ta gyangyaɗi da rana, ya rame, har rai ya yi halinsa. A lokacin babu ingantaccen magani a hannu; allurar da ta fara yin tasiri a kan wanda ciwon ya kai wa ƙwaƙwalwa sai a 1920 aka gwada ta a Kwango. Aka yi addu'a, aka yi jinya, mutane suka yi ta mutuwa, har dole aka tashi garin, aka kwashe waɗanda suka rage, yawancinsu yara, zuwa Zariya. Abin da ya karya lagon ciwon a wannan yanki ya zo ne daga baya, kuma aikin gatari ne da adda: bincike kan tsando irin wanda aka yi a Gadau ta ƙasar Katagum, sai shirin Anchau da aka fara a ƙarshen shekarun 1930, inda aka sare kurmin bakin rafuka, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. A ganina babu wani babi na rayuwar Mila da ya kai na Gimi nauyi, domin shi ya tara mutanen nan wuri ɗaya da kyakkyawar niyya, a gabansa kuma suka ƙare.

Mila mutum ne mai kafiya, ba ya ɓoye ra'ayinsa. Ya soki tsarin Turawa na mulki ta hannun sarakuna, ya ce yana danne talaka, wanda hakan ya sa rasdan-rasdan da yawa ba su ƙaunarsa. Tsakaninsa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, mai waƙar Tabarƙoƙo, an fara da mutunci aka ƙare da gaba, kuma ƙorafe-ƙorafensa na cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe sarkin wajen 1920. Lakwaja aka kai shi, garin da Alu Babba ma ya ƙare rayuwarsa. Har yau akwai Zazzagawan da ba su yafe wa Mila wannan ba. Shi ne kuma cikin waɗanda suka matsa wa Lugga a riƙa rubuta Hausa da boko maimakon ajami, shawarar da ta mai da dubban malamanmu kamar ba su iya rubutu ba a idon gwamnati.

A 1929 aka fitar da mishan daga birnin Zariya zuwa Wusasa, ba da son ransa ba. Ya koma Kano, birnin da aka kore shi kusan shekara talatin da suka wuce, ya duƙufa kan fassarar Littafi Mai Tsarki tare da wasu 'yan mishan da mataimakansa Hausawa, aka buga shi a 1932. A shekarun nan ne ƙofar da aka rufe musu ta fara buɗewa a ƙasar Kano, amma ga wata ƙungiya dabam, wato SIM. Sun samu wuri a Garko, maƙwabciyarmu. A 1937 aka damƙa musu kula da kutare. A 1943 suka buɗe asibitin ido. Nan ma abin da ya faru a Durumin Maigarke ne ya maimaita kansa, kuma iyayenmu da yawa ta wannan hanya suka fara sanin allura, suna so suna tsoro.

Amfanin da aikinsa ya fi bari a Arewa ta makaranta ya fito. Daga cikin yaran da suka tashi a hannunsa akwai Dokta R. A. B. Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likitan zamani, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafuwarta. Akwai John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi da Rupert East. Daga zuriyar Isawan nan kuma aka samu Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. 'Ya'yan Musulmi da yawa, har da namu na gabashin Kano, a zamanin shugabancinsa suka yi digiri.

Mila bai taɓa aure ba. Ya ajiye aiki da CMS a 1935, ya koma Ingila, amma zaman bai karɓe shi ba, ya sake dawowa Nijeriya. Ya ci gaba da koyarwa da rubuce-rubuce kan makomar Arewa har tsufa ya cim masa. Ya rasu a Bukuru kusa da Jos a 1952, yana da shekara 80, kuma bayan rasuwarsa Kamfanin Gaskiya na Zariya ya buga tarihin rayuwarsa da ya rubuta da hannunsa.