Kitagawa Utamaro: Mai zanen da ya fito da makaɗan Japan idon duniya

A zamanin da babu rediyo ko faifai, wanda bai halarci dandalin kiɗa ba, sai dai ya ji labari. Kitagawa Utamaro, wanda aka haifa wajen 1753, na cikin masu zanen da suka cike wannan giɓi a ƙasar Japan, ya sa talaka ya san fuskokin makaɗan birnin Edo, wato Tokyo ta yau.

Ya koyi sana'a a hannun malaminsa Toriyama Sekien. Ɗaya daga cikin ayyukansa na farko da aka sani shi ne bangon wani ɗan littafi na wasan kabuki, wasan da ke haɗe rawa da waƙa, wanda aka raba a gidan wasa na Nakamura a 1775. Daga bisani ya haɗu da Tsutaya Juzaburo, mai buga littattafai da hotuna, wanda ya ɗaukaka shi.

Abin kiɗan da ke tashe a lokacin shi ne shamisen, mai tsirkiya uku kamar molo, wanda ya shigo Japan daga tsibiran Ryukyu a ƙarni na 16. Gwanayensa da dama mata ne da ake kira geisha, masu nishaɗantar da baƙi a unguwar Yoshiwara, inda zama a wajen shagali sai mai hannu da shuni. A 1783 Utamaro ya fitar da jerin hotunan waɗannan mata cikin adon bikin Niwaka na unguwar. Da yake a kan katako ake sassaƙa zanen, a shafa launi a buga ɗaruruwa, hoton ya yi arahar da ɗan ƙwadago ma zai iya saya.

Wajen 1793 ya zana wasu mata uku da suka yi fice a Edo. Ta tsakiya ita ce Tomimoto Toyohina, mawaƙiya a salon Tomimoto da ake rerawa da shamisen. Hukumomin soja da ke mulki suka ga hotuna na maida ƴan mata taurari, sai suka hana rubuta sunayensu. Utamaro ya koma ɓoye suna cikin ƙananan zane kamar kacici-kacici, mai kallo ya warware da kansa. A 1796 aka haramta wannan dabarar ita ma.

A 1804 aka kama shi saboda ya zana tsohon shugaba Toyotomi Hideyoshi yana shagali da mata, aka ɗaure hannayensa da ankwa kwana 50. Bayan shekara biyu, a 1806, ya rasu, ya bar hotuna fiye da 2,000.

Da Japan ta buɗe ƙofarta ga fataucin Turawa a tsakiyar ƙarni na 19, hotunansa suka cika kantunan Paris, har marubucin Faransa Edmond de Goncourt ya wallafa littafi a kansa a 1891. Turawa da yawa a takarda suka fara ganin shamisen kafin kunnensu ya ji amonsa.

Muryar Toyohina ta tafi da ita, domin ba a ƙirƙiro na'urar naɗar sauti ba sai a ƙarni na gaba. Sunanta da fuskarta kuwa suna nan a gidajen tarihi na Tokyo da Amurka, albarkacin mai zanen da hukuma ta so ta hana shi faɗin ko wace ce ita.