Tarihin Rayuwar Jimi Hendrix: Bahagon Da Ya Sa Jita Magana

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zuwa wurin biki a Kontagora ya san abin da lasifika ke yi idan aka ƙure mata murya. Sautin yakan dishe kamar ana yaga ƙyalle, wani lokaci kuma ta saki kuka mai tsini har kowa ya toshe kunne. A wurinmu wannan matsala ce, sai a nemo mai gyara. To amma an yi wani makaɗi da ya ɗauki wannan dishewa da wannan kuka ya mayar da su kiɗa. Sunansa Jimi Hendrix. Yau fiye da shekara 50 da mutuwarsa, amma masu kaɗa jitar lantarki ba su daina kashe kuɗi wajen neman irin amonsa ba. Wannan maƙala za ta kawo tarihinsa, ta kuma duba ko wannan amo abin saye ne a kasuwa.

Haihuwarsa Da Tasowarsa

An haife shi ranar 27 ga Nuwamba, 1942, a birnin Seattle na Amurka, a gidan baƙaƙen fata talakawa. Cikakken sunansa James Marshall Hendrix. Iyayensa sun rabu a 1951, mahaifiyarsa kuma ta rasu a 1958 yana ɗan shekara 15. Tun yana ƙarami yakan rungumi tsintsiya mai dogon sanda yana yi kamar yana kaɗa jita. A 1958 ya sami jitarsa ta farko a kan dala 5, a shekarar da ta biyo baya mahaifinsa ya saya masa ta lantarki. Bai koyi karanta rubutun kiɗa ba. Da kunne ya koya, yana sauraron faya-fayan manyan makaɗa irin su Muddy Waters da B.B. King yana bin su.

A 1961 'yan sanda suka kama shi cikin motar sata, aka ba shi zaɓi tsakanin kurkuku da aikin soja. Ya shiga rundunar sojan laima, aka sallame shi a 1962. Daga nan ya yi shekaru yana yawo a matsayin ɗan amshin kiɗa a bayan mawaƙa irin su Little Richard da Isley Brothers, ba suna ba kuɗi.

Tafiyarsa Landan

A 1966 wani Bature mai suna Chas Chandler ya ji kiɗansa a New York, ya ɗauke shi zuwa Landan cikin watan Satumba. A can suka kafa ƙungiyar mutum uku tare da Noel Redding da Mitch Mitchell. Cikin shekara biyu suka fitar da manyan faya-fayai uku, na ƙarshensu shi ne Electric Ladyland na 1968. Sai da Ingila ta karɓe shi kafin ƙasarsa ta san darajarsa, wato bayan wasan Monterey na watan Yuni 1967, inda ya cinna wa jitarsa wuta a gaban jama'a.

Kayan Aikinsa

Jitar da aka fi saninsa da ita ita ce Fender Stratocaster. Da yake bahago ne, sai ya riƙa juya jitar na-dama yana sake jera tsirkiyoyinta. Yakan haɗa ta da amfilifaya ƙirar Marshall mai ƙarfin wat 100, ya ƙure ta har sautin ya fashe. Tsakanin jita da amfilifaya kuma yakan jera wasu ƙananan na'urori a ƙasa waɗanda ake takawa da ƙafa, ana kiran su feda.

Ta farko ita ce Fuzz Face, mai matse sauti har ya dishe ya yi kauri. Wannan dishewa ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, domin aikin da ɗan ƙarfen nan mai zobba da ake maƙala wa garaya ke yi ke nan: yana hana amo fita wayam. Ta biyu ita ce wah-wah ta kamfanin Vox, wadda ake dannawa kamar totur ɗin mota, sai amon ya riƙa buɗewa yana rufewa kamar bakin mutum. Wanda ya san yadda makaɗin kalangu ke matsa tsirkiyoyi a hammata don ya sa ganga magana zai gane wannan nan take. Ta uku ita ce Octavia, wadda wani injiniya Roger Mayer ya ƙera, tana ɗora wani amo mai tsini a saman na asali. An ji ta a waƙar Purple Haze ta 1967. Ta huɗu, Uni-Vibe, tana sa sauti ya riƙa kaɗawa kamar igiyar ruwa. Shi kuwa kukan lasifika, yakan matsa kusa da ita da gangan don ƙarar ta girgiza tsirkiya, sa'annan ya sarrafa kukan da yatsunsa.

Da wasu daga cikin waɗannan kaya ne ya rufe taron Woodstock da safiyar Litinin 18 ga Agusta, 1969. Ya kaɗa taken Amurka, amma ya cika shi da amon faɗuwar bama-bamai da kururuwa, a daidai lokacin da ƙasar ke yaƙi a Biyetnam. Bai furta kalma ko ɗaya a cikin taken ba, jitar ce ta yi bayani.

Mutuwarsa

Shahara ta zo masa da gajiya, da rigingimun kwangila, da shaye-shaye. Ranar 18 ga Satumba, 1970, ya mutu a Landan yana da shekara 27. Binciken likita ya nuna ya sha ƙwayoyin barci fiye da kima, amai ya shaƙe shi. Shekara huɗu kacal ya yi yana tashe. Ɗakin ɗaukar sautin da ya gina a New York, Electric Lady, an buɗe shi ne makonni kaɗan kafin mutuwarsa.

Masu Neman Amonsa

A yau kamfanin Dunlop na sayar da feda masu ɗauke da sunansa, Fender ma ta ƙera jita da aka juya mata kai don ta yi kama da tasa. Akwai kuma manhajojin kwamfuta da na waya masu kwaikwayon amfilifayar Marshall. Duk da haka, wanda ya haɗa kayan ba ya zama Hendrix. Dalili na farko, tsofaffin Fuzz Face ba su da amo iri ɗaya, kuma zafi yana canza sautin na farkon cikinsu, don haka wadda ta yi daɗi a sanyin Landan tana iya ba mutum kunya a zafin Afrilun Kontagora. Dalili na biyu ya fi muhimmanci: rabin aikin a hannunsa yake. Yakan danne tsirkiya da babban yatsa, yana rage muryar jita yana ƙarawa cikin kiɗa, abin da ba a sayarwa a kwali.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna hanyar da ta fi. Bombino na Agadas ya koyi abubuwa da yawa ta kallon bidiyon Hendrix, amma kiɗan Abzinawa ya ɗora a kai. Mdou Moctar, shi ma bahago, ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, kuma a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008. Ana kwatanta shi da Hendrix a duniya, alhali amon nasa na gida ne.

Kammalawa

Hausawa kan ce kayan aro ba ya ado. Hendrix bai shahara don ya mallaki na'urori ba, domin wasu ma sun mallake su a zamaninsa. Ya shahara ne don ya saurari abin da kowa ke kira ɓaci, ya ji kiɗa a ciki. Ɗalibin da ke nazarin kiɗa da waƙar Hausa yana da irin wannan dama a goge da kukuma da kalangu, idan ya buɗe kunne. Sai dai ya tuna cewa wannan baiwa duka ƙwaya ce ta kashe ta a dare ɗaya, kuma har yanzu ƙwaya tana cin matasa a unguwanninmu.