Blaise Pascal, Mutumin da Ya Tabbatar Iska Tana da Nauyi

An haifi Blaise Pascal a garin Clermont na ƙasar Faransa ran 19 ga Yuni, 1623. Yana da shekara 3 mahaifiyarsa ta rasu, mahaifinsa kuwa bai sa shi makaranta ba, shi ya karantar da shi a gida. A 1642 yaron ya fara ƙera injin lissafi domin ya rage wa uban wahalar ƙididdigar haraji a Rouen.

Amma abin da ya kawo mu kansa batun iska ne. A 1643 wani masani ɗan Italiya, Torricelli, ya cika bututun gilashi da zaiba, ya kifa shi cikin kwanon zaiba, sai ta tsaya a tsayin kimanin inci 30. Ya ce nauyin iskar da ke danne kwanon ne ya tokare ta. Malamai da yawa suka musa. Pascal ya yi tunani cewa in haka ne, lalle zaibar ta sauka idan aka hau dutse, tun da iskar da ke bisa mutum ta ragu. Da yake shi marar lafiya ne, mijin yayarsa, Florin Périer, ya roƙa. Ran 19 ga Satumba, 1648, Périer ya hau dutsen Puy de Dôme da bututun, ya bar wani a ƙasa ana tsaronsa. Na ƙasa bai motsa ba, na ƙwanƙolin dutse ya sauka kimanin inci 3. Barin na ƙasan nan shi ne hikimar gwajin, domin ya toshe bakin mai cewa yanayi ne ya canja. Dalilin nan ne kuma ya sa matsin iska a Zariya, mai tudun fiye da mita 600, bai kai na Ikko ba.

Shi ne kuma ya bayyana cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen mazubi yakan bazu ko'ina daidai wa daida. Birkin mota da jak mai aiki da mai duk a kan wannan ƙa'ida suke. Daga 1654 ya fi karkata ga addini. Ya rasu a Paris ran 19 ga Agusta, 1662, yana da shekara 39 kacal.

A 1971 babban taron ma'aunai na duniya ya raɗa wa ma'aunin matsi sunansa, wato faskal. Fam ɗaya a kan inci murabba'i, awon Ingilishi da masu faci a Tudun Wada suka saba da shi, daidai yake da faskal 6,895, kusan kilofaskal 7. Direban da ya ce a sa wa tayarsa 32, kilofaskal 220 ke nan ya nema.