Hsien Wu: Masanin China da ya gano dalilin daskarewar ƙwai a kan wuta

Duk wanda ya taɓa fasa ƙwai a kasko ya ga yadda ruwan nan mai yauƙi ke daskarewa ya koma fari fat cikin 'yan daƙiƙoƙi. Haka ma mai yin awara tana ganin madarar waken soya tana dunƙulewa da zarar ta zuba mata ruwan tsami.

Abin da ke sauyawa a dukkan biyun shi ne sinadarin furotin. Mutumin da ya fara bayyana yadda hakan ke faruwa wani ɗan China ne mai suna Hsien Wu, sai dai duniya ta daɗe ba ta ba shi wannan matsayi ba.

An haifi Wu ranar 24 ga Nuwamban 1893 a Fuzhou, wani birni na bakin teku a kudu maso gabashin China. Yana jariri Japan ta ragargaza rundunar ruwan ƙasarsa a yaƙin 1894 zuwa 1895. Don haka da ya samu tallafin karatu zuwa Amurka a 1911, ƙera jiragen ruwa ya tafi koya a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts.

A can ne ya sauya ra'ayi ya koma fannin kimiyyar sinadarai, inda ya kammala a 1916. Daga nan ya wuce Jami'ar Harvard ya yi digirin digirgir a ƙarƙashin Farfesa Otto Folin.

A 1919 su biyun suka fito da wata hanyar gwajin jini da ke ba likita damar auna sukari da wasu sinadarai da dama daga jini kimanin mililita 10 kacal. Asibitoci a faɗin duniya sun shafe shekaru masu yawa suna amfani da ita wajen duba masu ciwon suga.

A 1920 Wu ya koma gida ya kama aiki a Kwalejin Likitanci ta Peking Union da ke Beijing. A 1924 ya zama shugaban sashen nazarin sinadaran jikin halittu, kuma a shekarar ce ya auri Daisy Yen, wadda ita ma masaniya ce, kuma tare suka fara binciken furotin.

A wancan lokacin masana sun san cewa zafi da tsami da barasa suna lalata furotin, amma sun kasa cimma matsaya kan dalili. Wasu na ganin sinadarin ne ke tsintsinkewa, wasu kuma na cewa ruwan jikinsa ne ke ƙafewa.

Bayan shekaru bakwai na gwaje-gwaje, Wu ya wallafa amsarsa a 1931. A bayaninsa, furotin doguwar sarƙa ce da ke naɗe cikin tsari na musamman, kamar dunƙulen zare, kuma wasu raunanan ɗauri ne ke riƙe da naɗin.

Idan zafi ko tsami ya taɓa shi, waɗannan ɗauri ne ke sakewa. Sarƙar ba ta tsinkewa, warwarewa take yi, sannan ta harɗe da 'yan uwanta. Wannan harɗewa ce ke daskarar da ƙwai.

Da yake aikin kowane furotin ya dogara ne da siffarsa, warwarewar na nufin ya daina aiki. Shi ya sa tafasa ruwa ke kashe ƙwayoyin cuta, haka nan sinadarin tsaftace hannu mai ɗauke da barasa.

Sai dai Wu ya wallafa binciken ne a wata mujallar kimiyya ta China, wadda ba ta da yawan masu karatu a Turai da Amurka. A 1936 wasu Amurkawa biyu, Alfred Mirsky da Linus Pauling, suka fitar da bayani makamancin nasa, kuma nasu ne ya fi yaɗuwa.

Wu bai tsaya kan furotin kaɗai ba. Ya yi nazarin abincin da talakawan China ke ci, ya tantance sinadaran da ke cikinsa, ya kuma rubuta littafi kan abinci mai gina jiki da harshen Sinanci.

Yaƙi ne ya katse masa aiki. A farkon 1942 sojojin Japan suka rufe kwalejin da yake koyarwa. A 1944 ya tafi Chongqing, inda gwamnatin China ta koma da zama, ya kafa cibiyar binciken abinci.

Bayan yaƙin ya koma Amurka, ya koyar a Kwalejin Likitanci ta Alabama. Ciwon zuciya ya tilasta masa ajiye aiki a 1953, ya kuma rasu a Boston ranar 8 ga Agustan 1959 yana da shekara 65.

Bai ga abin da ya biyo baya ba. Christian Anfinsen ya nuna cewa furotin da ya warware na iya sake naɗe kansa idan yanayi ya daidaita, binciken da ya kai shi ga lashe kyautar Nobel a 1972. Ɗan Wu kuwa, Ray Wu na Jami'ar Cornell, yana cikin waɗanda suka fara gano hanyar karanta jerin ƙwayoyin gado na DNA.

Sai a 1995, shekara 64 bayan fitowarta, aka sake buga maƙalar Hsien Wu ta 1931 a Amurka, tare da amincewa cewa shi ne ya riga kowa.