STEPHEN KESHI: GARKUWAR BAYAN ƘUNGIYAR NIJERIYA

A duk lokacin da aka tashi wasan ƙwallon ƙafa, sunan wanda ya jefa ƙwallo a raga ne ke bakin jama'a. Mai tsaron baya kuwa ba a cika tunawa da shi ba, sai ranar da ya yi kuskure. Duk da haka akwai wani mai tsaron baya da 'yan Nijeriya ba su manta da shi ba, wato marigayi Stephen Okechukwu Keshi. Ga taƙaitaccen tarihinsa domin amfanin ɗalibai, malamai da iyaye.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Keshi ran 23 ga Janairu, 1962. Bayanai da yawa sun nuna cewa a Azare aka haife shi, cikin Jihar Bauchi ta yanzu, amma asalin iyayensa mutanen Illah ne ta Jihar Delta. A Ikko ya girma, a can kuma ya yi makaranta. Ya shiga kwalejin St. Finbarr's da ke Akoka, makarantar mishan ta Katolika wadda Fada Dennis Slattery, mutumin ƙasar Ayalan, ya kafa a 1956. Wannan makaranta ta yi suna wajen haɗa karatu da wasanni da kuma horo mai tsanani. Ta yaye 'yan wasa irin su Henry Nwosu da Samson Siasia. A filin wannan makaranta ne aka fara gane baiwar Keshi.

Wasansa a Gida

A 1979 ya fara buga wa ƙungiyar bankin ACB ta Ikko. Shekara ɗaya bayan haka ya koma ƙungiyar New Nigeria Bank ta birnin Benin. Tare da ita ya ci kofin ƙungiyoyin Afirka ta Yamma, wato kofin WAFU, sau biyu a jere, a 1983 da 1984.

Wurinsa a fili shi ne tsakiyar baya. Aikin mai wannan wuri ba tare ƙwallo kaɗai ba ne. Shi ke ganin fili duka a gabansa, shi ke tsara abokansa, ya ce wa wannan ya matsa, ya ce wa wancan ya riƙe mutuminsa. Keshi mutum ne ƙaƙƙarfa, mai babbar murya, gwanin sa kai, mai kuma zafin bugu daga nesa. Saboda yadda yake tafiyar da abokan wasansa ne aka laƙaba masa sunan Big Boss, ma'ana babban maigida.

Horon da Ya Zama Alheri

Bayan gasar 1984 hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta dakatar da Keshi da wasu abokansa daga wasa, saboda ba su isa sansanin ƙungiyar ƙasa a kan lokaci ba. Wannan babban koma baya ne ga saurayi mai tashe. Bai zauna yana cizon yatsa ba. A 1985 ya tafi Kwaddebuwa ya shiga ƙungiyar Stade d'Abidjan, daga nan ya koma Africa Sports, inda ya ci kofin lig na ƙasar. Hausawa na cewa wani hanin ga Allah baiwa ne. Daga Abijan ne hanyar Turai ta buɗe masa.

A 1986 ya shiga ƙungiyar Lokeren ta Beljiyam. Bayan shekara guda Anderlecht, babbar ƙungiyar ƙasar, ta ɗauke shi. Ya yi shekara huɗu a can. Ya ci kofin ƙalubale na Beljiyam a 1988 da 1989, ya kuma ci lig a 1991. A 1990 ya buga wasan ƙarshe na ɗaya daga cikin kofunan Turai, inda Sampdoria ta Italiya ta doke su da ci 2 da nema. A 1991 ya koma Strasbourg ta Faransa, ya taimaka mata ta hau rukuni na ɗaya a 1992. Daga baya ya sake komawa Beljiyam, ya yi wasa a Amurka, sa'an nan ya rufe da ƙungiyar Perlis ta Maleshiya.

A lokacin da ya je Beljiyam 'yan wasan Nijeriya kaɗan ne a Turai. Ƙwazonsa ya sa ƙungiyoyin ƙasar suka juyo da idonsu wajenmu. Bayansa ne irin su Augustine Eguavoen, Samson Siasia, Victor Ikpeba da Sunday Oliseh suka bi. Haka ma Daniel Amokachi, wanda ya tashi daga Ranchers Bees ta Kaduna zuwa Club Brugge a 1990. Gidan Keshi ya zama masaukin baƙi. Shi ne ya kai wani yaro ɗan Gana mai suna Nii Lamptey Anderlecht, ya riƙe shi kamar ɗansa.

Hidimarsa ga Ƙasa

Keshi ya fara buga wa Nijeriya a 1981. Ya buga mata wasa 64, ya ci ƙwallo 9. A gasar cin kofin Afirka ta 1982 a Libiya ya ci Habasha ƙwallo biyu a wasa ɗaya. A 1984, yana ɗan shekara 22, shi ne kyaftin da ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe a Abijan, amma Kamaru ta yi nasara da ci 3 da 1. A 1988 a Maroko Kamaru ta sake hana su kofin da ci 1 da nema. A 1992 a Senegal suka zo na uku. Sau uku ke nan yana kaiwa bakin kofi ba ya ɗauka.

Haƙuri ya biya a zamanin koci Clemens Westerhof. Ran 8 ga Oktoba, 1993, Nijeriya ta yi kunnen doki 1 da 1 da Aljeriya, ta sami shiga gasar cin kofin duniya karo na farko. A watan Afrilu na 1994 kuma ta ci kofin Afirka a Tunisiya, bayan ta doke Zambiya da ci 2 da 1. Emmanuel Amunike ne ya ci ƙwallayen biyu. A lokacin shekaru da rauni sun fara cim ma Keshi, bai buga wasan ƙarshen ba. Eguavoen ne ya ja ƙungiyar a fili, amma da aka zo karɓar kofi tare suka ɗaga shi. A gasar duniya da aka yi a Amurka a wannan shekara wasa ɗaya ya buga, wanda Nijeriya ta ci Girka 2 da nema. Ko daga benci ma shi ne babban yayan 'yan wasa, mai shiga tsakaninsu da hukuma.

Aikin Horarwa

Da ya ajiye takalmi sai ya koma horarwa. Ya yi mataimakin Shuaibu Amodu lokacin da suka samar wa Nijeriya gurbi a gasar duniya ta 2002, amma aka sallame su kafin a je gasar. A 2004 ya karɓi ƙungiyar Togo, ƙaramar ƙasa da ba ta taɓa zuwa gasar duniya ba. Ya kai ta gasar 2006, ya bar Senegal a baya. Nan ma aka sallame shi 'yan watanni kafin a tafi Jamus, bayan Togo ta kasa yin abin kirki a gasar Afirka a Masar. Sau biyu ke nan ya yi noma wani ya girbe. Ya horar da Mali daga 2008 zuwa 2010.

A watan Nuwamba na 2011 aka ba shi ƙungiyar Nijeriya, wadda a lokacin ta kasa ko shiga gasar Afirka ta 2012. Ya yi abin da mutane da yawa suka soka. Ya ajiye wasu manyan sunaye, ya ɗauki 'yan wasa shida masu bugawa a gida zuwa gasar 2013 a Afirka ta Kudu, cikinsu har da Reuben Gabriel na Kano Pillars. Sun fitar da Kwaddebuwa da ci 2 da 1, suka lallasa Mali 4 da 1, inda Ahmed Musa ya ci ta huɗu. Ran 10 ga Fabrairu, 2013, Sunday Mba, ɗaya daga cikin 'yan gidan nan, ya ci Burkina Faso ƙwallo ɗaya tilo da ta kawo kofin. Da haka Keshi ya zama mutum na biyu da ya ci kofin Afirka yana ɗan wasa kuma yana koci, bayan Mahmoud El-Gohary na Masar.

A 2014 ya kai 'yan wasan gida zalla gasar CHAN, tare da Rabi'u Ali da Shehu Abdullahi na Kano Pillars. Maroko ta ci su uku kafin hutun rabin lokaci, amma suka farke duka, suka yi nasara 4 da 3, daga ƙarshe suka zo na uku. A gasar duniya ta Barazil ya fitar da Nijeriya daga rukuni. Ahmed Musa ya ci Ajantina ƙwallo biyu, kafin Faransa ta fitar da mu da ci 2 da nema.

Ƙarshen Rayuwarsa

Nijeriya ba ta sami shiga gasar Afirka ta 2015 ba, aka kuma raba shi da aikin a watan Yuli na shekarar. A watan Disamba matarsa Kate ta rasu bayan fama da ciwon daji. Wata shida bayan haka, cikin daren 7 ga Yuni, 2016, shi ma ya rasu a birnin Benin yana da shekara 54. Ya bar 'ya'ya huɗu. Bayan kwana uku tsohon maigidansa Shuaibu Amodu ya bi shi. An binne Keshi a Illah, kuma babban filin wasa na Asaba yana ɗauke da sunansa.

Abin Koyi

Ɗalibai, Keshi ba mutum ne marar aibi ba. Makara ta jawo masa dakatarwa, kuma ya sha samun saɓani da shugabanni. Amma bai bar horo ko sallama su kashe masa zuciya ba, kuma da ya sami hanya bai rufe ƙofa a bayansa ba. Ya nuna cewa yaron da ke buga ƙwallo a gida zai iya tsayawa gaban kowa idan an ba shi dama. Wannan ya shafi yaran Burumburum, Tudun Wada, Doguwa, Kiru da Bebeji. Duk wanda malamin wasanni ya sa shi a baya, kada ya ga an rage masa daraja. Ya riƙe wurinsa da aminci, ya zo atisaye a kan lokaci, kada kuma ya bar littafinsa, domin daga filin makaranta Keshi ya fara.